Ɗana, Gyara Wayarka Kafin Ka Hau Jirgi

Ɗana, kai da ke shirin barin ƙasa, ko Hajji za ka ko Umra, ko sarin kaya a Dubai da Guangzhou, ko rakiyar mara lafiya Alƙahira ko Indiya, matso kusa mu yi maganar wayar da ke aljihunka. Ke ma 'yata, har da ke nake. Na san fasfo an adana shi, guzuri an ɗaure shi a jakar da ba ta rabuwa da jiki, masu tsaraba ma an rubuta sunayensu. Waya ce kawai ake ɗauka yadda take a hau jirgi da ita, alhali a duk kayan matafiyi ita kaɗai ce ke iya kashe masa kuɗi yana barci, ba ta nemi izininsa ba.

Fara da sanin abin da ke faruwa idan ka sauka. Kamfanin layinka, MTN ne ko Airtel ko Glo, ko Zamani da Moov ga mutanen Nijar, ba shi da ƙarfen sabis ko ɗaya a Jidda. Kana kunna waya sai ta laluba ta kama sabis ɗin wani kamfanin ƙasar da ke da yarjejeniya da naka, a Saudiyya STC ko Mobily ko Zain. Shi ne ake kira romin. Kakanninmu fatake da suka yi safarar goro daga Gwanja sun san irin wannan zama: mai masauki zai ba ka ɗaki, ya haɗa ka da abokan ciniki, amma duk cinikin da ya faɗa yana da la'adarsa. Layinka ma baƙo ne a gidan wani. Mai gidan yana ƙirga kowane minti da kowace mega, ya aika wa kamfaninka lissafi da kuɗin waje, kamfaninka ya ɗora ribarsa, sannan ya zare daga katinka. Riyal ɗin Saudiyya a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 kan dala ɗaya, ita kuwa naira ka ga yadda ta yi ƙasa tun daga watan Yunin 2023. Saboda haka in wani Alhaji da ya sauke farali shekarun baya ya ce maka shi da layin gida ya yi ta waya bai ji a jikinsa ba, ka yi masa godiya, amma kada ka yi lissafi da farashin zamaninsa. Kada kuma sunan Zain ya ruɗe ka in ka gan shi a fuskar waya. Gaskiya ne Airtel ɗin Najeriya da na Nijar sun taɓa amsa wannan suna, amma tun 2010 Zain ya sayar da harkarsa ta nan ga Bharti Airtel na Indiya. Wanda ka kama a can na mutanen can ne, kuma zai caje ka a matsayin baƙo.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne amsa kira. A gida mun saba wanda ya kira shi ke biya, kai da ka ɗauka ba ruwanka. A romin ba haka ba ne. Wanda ya kira ka daga Kano kuɗin kiran cikin gida kawai yake biya, tunda lambar gida ya buga. Ɗawainiyar ƙetarar da kiran zuwa inda kake tana wuyanka. To ka san gaisuwarmu. Ya hanya, ya gajiya, ya ibada, ga Inna za ta sa maka albarka, ga ƙanwarka, ga maƙwabci ya shigo shi ma yana son a saka shi a addu'a. Waya ta zagaya tsakar gida, kowa da kyakkyawar niyya, ba wanda ya san da guzurinka ake gaisawar. Ba cewa nake a yanke zumunci don tsimin kuɗi ba, Allah ya kiyaye. Cewa nake tun kafin ka tashi ka tara mutanen gida ka gaya musu: kada kowa ya kira lambata ta gida, ni zan neme ku, ko mu haɗu ta WhatsApp. Kai kuma in layin gida ya yi ƙara kana can, duba mai kiran, ka bar shi ya tsinke, sannan ka bi shi ta intanet.

Akwai wata kafa da ba kowa ya san da ita ba. Idan layinka yana da akwatin ajiye saƙon murya, ko ka taɓa saita shi ya tura kira zuwa wata lamba in ba ka ɗauka ba, kiran na iya zuwa har ƙasar da kake sannan ya juya ya koma gida, wasu kamfanonin kuma su caje ka zuwa da komawa alhali ko taɓa wayar ba ka yi ba. Tun kana gida ka danna ##002# ka buga kamar kira. Yana soke duk wani turin kira da ke kan layin.

Amma duk wannan ƙaramin alhaki ne a kan data. Datar wata da ka saya a gida ba ta bin ka ƙetare. Ko giga ashirin gare ka, tana nan tana jiran dawowarka, ko wa'adinta ya cika ta tafi. In wayarka ta taɓa intanet a can ba tare da ka sayi tsarin romin ba, mega-mega za a yi maka lissafi, a farashin da ya ninka na gida sau da yawa. Kuma ba sai ka buɗe komai ba. Nan nake so ka ba ni hankalinka, don yawancin waɗanda katinsu ya ƙone rantsuwa suke yi ba su yi komai da wayar ba, kuma gaskiya suke faɗa. Wayar ce ta yi. Ka kashe ta awa huɗu ko biyar a jirgi, tana farkawa sai ta shiga rama abin da ya wuce ta. Zaurukan WhatsApp na dangi da na 'yan kasuwa da na tsofaffin ɗalibai su juye hotuna da bidiyon da suka taru. Manhajoji su fara sabunta kansu. Hotunan da ka ɗauka wajen bankwana su kama hanyar ma'ajiyar Google ko iCloud. Imel ya sauko, taswira ta nemi inda kake. Kafin ka gama da jami'an shige da fice an gama da katin.

Mai layin da ake loda wa kati asararsa tana da iyaka: abin da ke ciki ya ƙare, sabis ya tsaya. Ciwon shi ne yakan ƙare a daidai lokacin da ake buƙatarsa, kana tsaye da akwati a ƙasar da ba ka jin harshenta, kana neman wanda zai tarbe ka. Baƙo ko da ido makaho ne, balle an raba shi da waya. Shi kuwa mai layin biya a ƙarshen wata, irin na ma'aikata da manyan 'yan kasuwa, ba abin da zai taka masa birki. Sai ya dawo takardar bashi ta tarbe shi. Haka wanda ya haɗa layinsa da asusun banki don ya riƙa loda kansa in kati ya yi ƙasa. Warware wannan haɗin kafin tafiya. Kada kuma ka ci bashin kati kana can da sunan bari in yi kira ɗaya. Datar da ba ka kashe ba za ta riga ka cinye shi.

Maganin wannan kyauta ne. Shiga saitin waya, wajen layuka, ka nemi maɓallin da aka rubuta wa Data Roaming, ka kashe shi a kan layin gida. A ɗakinka za ka yi wannan, daren tafiya, ba a filin jirgi ba inda hankalinka ya rabu tsakanin awon kaya da masu rakiya. In ka kashe shi layin zai ci gaba da karɓar saƙo da kira a ƙetare, amma ba zai taɓa intanet ba. Daga nan ka shiga WhatsApp ka hana shi sauke hoto da bidiyo da kansa, ka umarci manhajoji kada su sabunta sai an sami waifai, ka dakatar da ɗora hotuna ma'ajiya. Da waifai ɗin gida ko datarka mai araha ka sauke taswirar garin da za ka a Google Maps, don tana aiki ko ba intanet, ka ajiye hoton fasfo da biza da tikiti da adireshin masauki a cikin wayar kanta. In Saudiyya za ka, sauke manhajar Nusuk ka yi rajista tun daga nan. Lambobin waya kuma ka gyara su da lambar ƙasa a gaba, +234 na Najeriya, +227 na Nijar, +233 na Gana, +966 na Saudiyya, don wadda ta fara da sifili ba lallai ta shiga ba daga waje.

Yana da kyau ka san nauyin abin da kake ci. Kiran murya ta WhatsApp bai cika kai mega ɗaya a minti ba, ka ga giga ɗaya, wato mega wajen 1,000, za ta ba ka hirar sa'o'i masu yawa. Kiran bidiyo yana cin ninkin haka sau da dama. Kallon YouTube da TikTok da Facebook shi ne mai lashe ɗaruruwan mega a awa guda. Matafiyin da ya tsaya ga rubutu da saƙon murya da kira jifa-jifa, 'yar data kaɗan ta ishe shi mako biyu. Wanda ya ce sai ya haska wa duk dangi Ka'aba kai tsaye safe da yamma, ko nawa ya saya ba za ta kai shi ba. Ni a ganina ma wanda Allah ya kai shi wannan wuri ya fi dacewa idonsa ya tsaya a kan ɗakin, ba a kan gilashin waya ba. Gaisuwa ɗaya ta bidiyo daga masauki, ta waifai, ta wadatar da kewa.

To da wane layi za ka yi amfani a can? Tsawon tafiyar ne zai faɗa maka. In kwana biyu ne ko uku, taro ko ratse, tsarin romin na kamfaninka zai iya isarka. Kamfanonin sukan fitar da irin wannan tsari, musamman lokacin aikin Hajji, kuma ya fi biyan mega-mega sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai kada ka saya a makance. Je ofishinsu ka yi tambaya har ka gamsu: ƙasar da za ni tana ciki? Da wane kamfanin can yake aiki? Yaushe kwanakin ke fara ƙirguwa, ranar saye ko ranar sauka? Amsa kira yana ciki ko data ce kawai? Sannan babbar tambaya: in ya ƙare, intanet tsayawa yake ko komawa cin kati yake? A wannan ta ƙarshen mutane suka fi faɗawa. Tsarin ya ƙare da tsakar dare, saƙon gargaɗi ya shigo da Turanci ba a karanta ba, gari ya waye kati ya tafi. In sun ce da kamfani kaza kawai yake aiki, shiga saiti ka zaɓi wannan kamfani da hannunka, kada ka bar waya ta zaɓa maka.

In kuwa zaman zai haura mako, kamar Umra, balle Hajji da akan shafe kusan wata ko fiye, sayi layin ƙasar. Ba ni da shakka a kan wannan. A filin jirgin Jidda da na Madina akwai rumfunan kamfanonin, haka cikin gari kusa da Harami, kuma suna da tsarin baƙi mai haɗe da data da mintuna. Za su nemi fasfo su ɗauki hoton yatsanka, don a Saudiyya ba a ba da layi sai da rajista. Kada gajiya ta sa ka karɓi na farko da aka miƙo maka. Duba kwanakinsa, ka tabbata zai kai ka ranar komawa, ka tambayi yadda ake ƙara masa kuɗi, ka sa mai shagon ya kunna shi a gabanka ka ga intanet ya kawo kafin ka bar wurin. Sannan ina gargaɗinka da babbar murya: kada ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani a hannun mai talla a bakin titi, kada kuma ka ba wani aron fasfonka ko yatsanka ya buɗe layi, ko da Hausa ya yi maka, ko ya ce shi ɗan garinku ne. Duk abin da aka aikata da layin da ke sunanka kai za a nema, a ƙasar da ba ka da kowa.

Da yawa suna tsoron sabon layi don kada WhatsApp ɗinsu ya ɓace. Ba zai ɓace ba. Yana nan a kan tsohuwar lambarka ko wane layi ka saka a wayar, shi intanet kawai yake nema. Kada dai ka shiga wajen canza lamba, kada kuma ka goge shi ka sake saukewa kana can, don zai nemi lambar tabbatarwa ta tsohon layi.

Wannan ya kawo ni ga layin gida. Kada ka bar shi a gida, kada ka cire shi ka jefa a ƙasan jaka. Asusun bankinka a kansa yake, lambar sirrin da banki ke turowa kafin kuɗi ya fita ta nan take zuwa, kuma karɓar saƙon tes a romin galibi kyauta ne. Yawancin wayoyinmu masu layi biyu ne, to bar na gida a ɗaya gurbin don saƙo kawai, da 'yan kuɗi kaɗan a ciki, ka ɗora data da kira a kan na can. Tambayi kamfaninka tun kana gida ko romin a buɗe yake a layin, don wani sai an buɗe. Saka wa layin lambar kulle, saboda in waya ta faɗi a cunkoso, wanda ya tsinta kada ya sami ƙofar asusunka. Kai kuma ɗalibi da za ka daɗe, ka sani a ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Najeriya layin da ya yi wata shida ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya rufe shi, daga baya lambar ta koma hannun wani, da saƙonnin bankinka da komai. Ka riƙa loda masa kati kana tura saƙo lokaci-lokaci.

Akwai kuma eSIM, layin da ba shi da kati, sauke shi ake yi a cikin waya. Kamfanoni irin su Airalo da Holafly suna sayar da na kusan kowace ƙasa, ka biya da katin banki kana zaune a gida, ka sauka intanet na jiranka. Yana da daɗi ga mai ratsa ƙasashe da yawa a tafiya ɗaya. Amma ba kowace waya ke ɗauka ba. Galibin iPhone daga XS da XR na 2018 zuwa sama suna yi, haka manyan wayoyin Samsung da Pixel na baya-bayan nan. Danna *#06#, in ka ga lambar EID ta fito, tana ɗauka. Galibinsa data ce zalla, ba lambar da za a kira ka, kuma da kuɗin waje ake biya, don haka gwada farashinsa da na layin ƙasar kafin ka yanke. Sauke shi tun kana da intanet a gida. Masu sayen wayar hannu da aka shigo da ita daga Amurka su lura da abu biyu: iPhone 14 zuwa sama na kasuwar Amurka ba su da gurbin kati sam, sannan wata wayar a kulle take ga kamfanin da ya fara sayar da ita, ba za ta karɓi baƙon layi ba. A kasuwar waya ta garinku ake gano wannan, ba a Madina ba.

Kowace ƙasa kuma da halinta. A Dubai kiran murya da na bidiyo ta WhatsApp ba sa tafiya a kan layukan ƙasar da waifai ɗinta, rubutu da saƙon murya ne ke wucewa. Mutanen can da manhaja irin Botim suke kira, to ka sa mutanen gida su sauke ta kafin ka tashi. A Sin WhatsApp da Facebook da Google duk a toshe suke, harka da WeChat ake yi, kuma abokan cinikinka na Guangzhou a nan za su neme ka. A wannan ƙasa kam romin yana da wani amfani, don datar baƙon layi ba ta hanyar cikin ƙasar take fita ba, shi ya sa WhatsApp kan yi aiki a kanta. Ɗan ƙaramin tsarin romin ko eSIM don magana da gida ba asara ba ne. A Turkiyya wayar da aka shigo da ita daga waje, in aka saka mata layin ƙasar, bayan kwana 120 sai a toshe ta in ba a yi mata rajista ba. Mai jinya ko karatu ya san da wannan. A Tarayyar Turai tun 15 ga Yunin 2017 aka soke ƙarin kuɗin romin tsakanin ƙasashen ƙungiyar, saboda haka layin da ka saya a Faransa zai yi maka a Jamus da Italiya da Sifen. Amma wannan gata na layukan can ne, bai shafi naka na gida ba, kuma Ingila ta fice daga ƙungiyar, Siwizalan da Turkiyya dama ba sa ciki.

Kada ka ɗauka sai an hau jirgi ake romin. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da dokar rage wannan caji tun ƙarshen 2017, Gana da Kwaddibuwa suka fara aiki da ita a tsakaninsu a 2023, amma ba ko'ina ta fara aiki ba, Nijar kuma ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025. Mai zuwa Maraɗi daga Katsina, ko Birnin Ƙonni daga Illela, ko Kumasi, ko Garwa, ya tambaya kamar yadda mai zuwa Makka zai tambaya. Mazauna bakin iyaka ma wayarsu kan tsallaka su ba su tsallaka ba, ta kama sabis ɗin ƙetare don ya fi ƙarfi a wurin. Maganinsa shi ne zaɓar kamfaninka da hannu a saiti.

A cikin jirgin sama da na ruwa kuwa, bar wayar a yanayin jirgi. Wasunsu suna da sabis nasu da ke bi ta tauraron ɗan'adam, tsadarsa ta wuce ta kowace ƙasa, kuma galibin tsare-tsaren romin ba su haɗa da shi ba. Waifai ɗin otal da na filin jirgi ka more shi wajen kira da sauke abubuwa masu nauyi, amma tambayi ma'aikatan wurin ainihin sunansa, don ɓarayi kan buɗe mai kama da shi. Harkar banki ka yi ta da datar layinka.

Na bar maganar iyaye a ƙarshe don ita ta fi damuna. Kai yaro ne, ko ka yi kuskure za ka laluba ka gyara. Amma tsohuwar da ka biya wa kujera, wadda ba ta karanta boko, ka saya mata sabuwar waya mai shafawa ana gobe tashi, ka loda mata kati mai yawa ka ce ta kira ka in ta sauka, me ka yi mata? Kujerun Najeriya sun kai 95,000 a Hajjin 2023 da na 2024, kuma da yawan masu cika su dattawa ne. A Hajjin 2024 mutum wajen miliyan 1.8 suka taru, zafi ya haura digiri 50, sama da mutum 1,300 suka rasu. A irin wannan wuri waya mai aiki ba kayan ado ba ce. Tantunan Mina duk farare ne iri ɗaya, hanyar jifa tana da nisa, mutum kan juya ya rasa 'yan tawagarsa cikin ƙiftawar ido. Tsohon da katinsa ya ƙone a daren farko saboda bidiyon zaure, da me zai kira jami'in alhazan jiharsu ranar da ya ɓata?

Saboda haka zauna da ita kwanaki kafin tashi, ba daren tafiya ba. Kashe duk abin da na lissafa maka da hannunka. Cire ta daga zaurukan da ba dole ba. Koya mata danna saƙon murya, ta gwada a gabanka har hannunta ya saba. In ƙaramar wayarta mai maɓalli ta fi ganewa, bar mata ita ta tafi da ita, batirinta ma ya fi daɗewa, kuma ba ta san hanyar cin data ba. Ware mata riyal ɗin sayen layin Saudiyya daban da kuɗin abinci, ka damƙa amanarta ga wani matashi mai hankali a tawagarsu wanda zai raka ta rumfar, ya tsaya a kunna layin, ya turo maka sabuwar lambar. Daga ranar kai ne za ka riƙa kiranta a wannan lambar, ka ɗauki kuɗin a wuyanka, don amsa kira a layin can ba ya cin mata komai. Rubuta mata lambarka da ta jami'in tawaga da sunan masauki a takarda, da boko da ajami in shi take karantawa, ta saka a jakar wuya tare da katin shaidarta, don batir yana mutuwa. Haɗa mata da abin cajin tafi-da-gidanka da kan soket mai ƙafa uku, irin wanda aka fi amfani da shi a can.

Ranar dawowa ma akwai ɗan aiki. Kana sauka ka mayar da data kan layin gida, ka soke duk tsarin da ke sabunta kansa, na romin ne ko na eSIM, don kada ya ci gaba da jan kuɗi daga katin bankinka. Duba abin da ya rage a layin ka gwada da abin da ka bari. In ka ga an cire maka abin da ba ka gane ba, je ofishin kamfanin ka nemi bayanin cajin dalla-dalla, ka karɓi lambar ƙorafi. In ba su share maka hawaye ba, a Najeriya kira 622, layin Hukumar Sadarwa na karɓar koke, kyauta ne, ka ba su lambar ƙorafin da ranakun tafiyarka.